Gurbin Da Ba A Tanada Ba

Shekara tara ina auna hali a jami'ar Valdivia
da tambayoyi arba'in da biyu, kowace da gurbi biyar.
Na ba gaskiya lamba, na yi wa haƙuri ma'auni,
kunya ce kaɗai ta ƙi zama cikin jadawali,
ni kuwa ban matsa mata ba.

Kwantiragina zai ƙare a watan Maris.
Kwamitin ƙarin girma ya ce: maƙala bakwai kika buga, tara ake so.
Shugaban sashe ya tsiyaya mini shayi, ya ce,
Nelida, tafi tsibiran Chiloe ki nazarci shugabannin makarantu,
gona ce da garma ba ta taɓa shiga ba.

Jirgin fito ya sauke ni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Aji uku, rufin kwano, yara talatin da ɗaya,
warin ciyawar teku da jiƙaƙƙun rigunan ulu.
Wani tsoho na faskare a bayan ɗakin girki,
na ce masa, mai gadi, ina shugaba?
Ya ajiye gatari, ya goge hannu a wando:
Eleodoro Mansilla. Shigo, ba ki ci komai ba.

Na miƙa masa takardata.
Ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ɗora tukunyar dankali a kanta don kada iska ta kwashe.

Ran Talata kuɗin fito suka ɓace daga gwangwani.
Shugaba ya dubi Ramiro, ɗan masunci,
wanda ya taɓa ɗauke alli, kowa ya sani.
Ya faɗa masa magana mai nauyi a gaban aji.
Yaron ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja,
bai ce uffan ba.

Ran Laraba tsohon ya sa hannu a aljihun rigar ruwansa.
Na ga fuskarsa a lokacin.
Ba wanda ya gani sai ni, ni ma baƙuwa ce,
gobe jibi zan hau jirgi.
Da ya so, da ya mayar da su gwangwani a ɓoye.

Sai ya kaɗa ƙararrawa ba lokacinta ba.
Ya tsaya a farfajiya, ya cire hula, ruwa na dukan sanƙonsa:
Ramiro, na zalunce ka. Ga kuɗin, a aljihuna suka kwana.
Ka yafe mini in ka ga dama.
In ba ka shirya ba, zan jira.

Yaron bai yafe ba.
Ranar nan, da washegari, ko gaisuwa.
Tsohon bai aika a lallashe shi ba, bai kira uwarsa ba.
Ran Juma'a na ga ɗaurin itace a gindin murhu,
busasshe, a tsibirin da komai ke jiƙe.
Ba wanda ya tambayi mai shi.

Na duba tambayoyina arba'in da biyu daga sama har ƙasa.
Ba gurbin da zan sa wannan.

Na rubuta shi duk da haka, shafi ashirin.
Mai tantancewa ya dawo da shi da jan biro:
makaranta ɗaya ba hujja ba ce, ina alƙaluma?
Bai yi ƙarya ba.

Maris ya zo. Ina ɗaure littattafai cikin kwalaye
na ci karo da maƙalata ta huɗu, wadda aka fi yabo.
Yasna ce ta shigar da lambobinta, wata shida, dare da rana,
tana ɗaliba, tana goyo.
Sunana kaɗai ke kai.

Na zauna a kan kwali, na rubuta mata layi uku.
Yau kwana goma sha ɗaya.
Kullum da safe ina buɗe akwatin saƙo kafin in dafa ruwa.
Ba ta amsa ba.